Wane Hatsi Ne a Cikin Furarka? Tarihin Gero da Nono Daga Sifawa Zuwa Shagari

Idan ka taso daga Sakkwato ka nufi kudu, ka bi ta Sifawa da Bodinga har ka kai Shagari, da wuya ka wuce kasuwa ko tasha ba ka ga mai fura da nono zaune gaban ƙoranta ba. Tambayar masu saye ba ta wuce biyu: nawa ne, kuma nonon yana da kauri? Ba ka cika jin wanda zai ce wane irin gero aka daka ba, ko nonon wace irin saniya aka dama da shi. Alhali amsar waɗannan tambayoyi tana ɗauke da tarihin sama da shekara 4,000, kuma wani ɓangare na tarihin yana sauyawa a gabanmu ba tare da an rubuta shi ba.

Domin ka ga abin da nake nufi, bari mu fara leƙa wata ƙasa mai nisa, inda mutane suka ɗauki irin wannan tambaya da muhimmanci a kan nasu abin sha.

Inabin da ya bi hanyar fatake

A yankin Yamanashi na ƙasar Japan, yamma da birnin Tokyo, akwai wani inabi mai ɗan ja-ja da kaurin fata da ake kira Koshu. Shekaru aru-aru ana cinsa a matsayin ɗan itace kawai. Sai a shekarun 1870 aka fara matse shi ana giya da shi, har a 1877 wani kamfani na garin Katsunuma ya tura samari biyu, Takano Masanari da Tsuchiya Ryuken, zuwa Faransa su koyo sana'ar. Ba shan giya ya kawo mu nan ba. Abin da ya shafe mu shi ne yadda suka bi diddigin tsiron nasu.

Da can labari biyu ake bayarwa game da asalin Koshu. Wasu su ce wani malamin addinin Buda ne ya fara shuka shi a shekarar 718, wasu su ce wani baƙauye ne ya tsince shi a gefen hanya a 1186. Da masana suka duba ƙwayoyin gadonsa, wato DNA, sai suka tarar kusan kashi 70 cikin 100 na jininsa na inabin yammacin Asiya da Turai ne, sauran kuma na inabin daji na ƙasar Sin. Ka ga kenan baƙo ne da ya biyo Hanyar Siliki, ya yi auratayya a Sin, sannan ya tsallaka teku.

Japan ƙasa ce mai yawan ruwan sama daidai lokacin da inabi ke nuna, kuma danshi yana ruɓar da shi. Shi ya sa manomansu ke ɗora shi bisa rumfa, wasu har su sa wa kowane nonon inabi 'yar malafa ta takarda. A 1927 wani manomi mai suna Kawakami Zenbei, a yankin Niigata mai dusar ƙanƙara, ya haɗa auren inabin Amurka da na Turai ya fitar da baƙin iri mai jure danshi, Muscat Bailey A. Sun kuma binciki dalilin da ya sa wani abin sha ke tafiya da wani abinci. A 2009 masana a can suka nuna cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin giyar inabi shi ke tayar da ƙarni a baki idan an haɗa ta da abincin teku. Ta Koshu ba ta da ƙarfe sosai, shi ya sa suke haɗa ta da ɗanyen kifi, ta baƙin inabin kuma su haɗa da gasasshen nama mai miyar waken suya.

A 2010 aka yi wa sunan Koshu rajista a hukumar inabi ta duniya. A 2018 kuma wata doka ta fara aiki: ba za ka rubuta wa kwalba cewa ta Japan ce ba sai in inabin a ƙasar aka noma shi, domin kafin nan da yawa daga abin da ake sayarwa da ruwan inabin da aka shigo da shi daga waje ake yin sa. Riƙe wannan dokar a ranka, za mu sake bukatarta.

Gero ɗan gida ne

Koshu baƙo ne a Japan, amma gero ɗan asalin yankinmu ne. Masu haƙa kayan tarihi sun samu sawun ƙwayoyin gero na noma a jikin fasassun tukwane a kwarin Tilemsi da ke arewacin Mali, waɗanda shekarunsu suka kai kimanin 4,500. Binciken ƙwayoyin gado shi ma ya nuna wajen arewacin Mali da Muritaniya a matsayin inda aka fara mayar da ciyawar daji ta zama hatsi, lokacin da Sahara ke bushewa mutane suna gangarowa kudu. Daga nan ya bazu har ya kai Indiya tun kafin haihuwar Annabi Isa da fiye da shekara 1,000.

Kakan gero na daji bai ɓace ba. Har yanzu yana barbarar na gona, abin da ake haifa shi ne shibra, wadda manomi ke gani tana zubar da ƙwaya tun kafin girbi. Wani abin sha'awa, masana tsirrai na duniya da wannan kalma tamu ta Hausa suke kiranta a rubuce-rubucensu.

A ƙasar Sakkwato, kamar a Nijar, in an ce hatsi to gero ake nufi, sauran sai a kira su da sunansu. Dalili a fili yake. Damunar wannan yanki gajera ce, galibi daga Yuni zuwa Satumba, ƙasar tudu kuma yashi ce da ba ta riƙe ruwa. Gero ne ke iya ba da amfani a irin wannan wuri in masara ta gaza. Manoma suka raba shi gida biyu. Akwai gero mai saurin nuna, wanda kan kai cikin kamar wata uku, ya tare yunwar tsakiyar damuna. Akwai maiwa, wadda ba ta fitar da kai sai ta ji yini ya fara gajarta, don haka sai ƙarshen damuna ake girbinta. A cikin geron kansa akwai iri-iri masu suna, kamar zango mai doguwar zangarniya. Matan da suka saba daka za su gaya maka ba ɗaya suke ba wajen surfe, da launin gari, da danƙon dawo.

Me ya sa sai da nono?

Bi aikin fura daki-daki za ka ga kimiyya a kowane mataki. Ana surfe a cire dusa, a wanke, a bari ya tsane, a daka da kayan yaji, a tankaɗe, a cura, a dafa cikin tafasasshen ruwa, a kirɓa a turmi, a sake curawa. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ba a daka garin wata guda a ajiye? Gero yana da mai fiye da yawancin hatsi, kusan kashi 5 cikin 100, kuma da zarar an fasa ƙwayar sai wani sinadari da ke cikinta ya fara lalata man. Cikin 'yan kwanaki garin ya yi ɗaci da wari. Dakan kullum da iyayenmu mata ke yi maganin wannan ne.

Shi kuma nono, aikin wasu bakteriya ne masu cin sukarin madara, wanda ake kira laktos, su mayar da shi tsami. Tsamin ne ke sa madara ta yi kauri, shi ne kuma ke hana yawancin ƙwayoyin cuta yaɗuwa, a ƙasar da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Ragowar nonon jiya da ake zubawa a sabuwar madara, da ita kanta ƙwaryar da aka daɗe ana amfani da ita, su ne ke ɗauko bakteriyar daga yau zuwa gobe. In an bar madarar da manta ta kwana, kindirmo kenan. In an kaɗa an cire man shanu, sai a samu tsala.

Yawancin manyan mutane a duniya, kusan biyu cikin uku, jikinsu yana rage narkar da laktos bayan yaye, shi ya sa ɗanyar madara ke sa wasu kumburin ciki. Fulani da yawa sun gaji ikon narkar da shi har tsufa, gadon dubban shekaru na kiwo. Manomin da bai gaji haka ba, tsamin nono ne ya sauƙaƙa masa, domin bakteriyar sun riga sun cinye wani kaso na sukarin.

Sai babban dalilin. Furotin ɗin gero yana da ƙarancin wani tubali da jiki ke bukata, mai suna laisin, madara kuwa tana da shi da yawa, ga sinadarin ƙarfafa ƙashi. Madara ba ta da sinadarin ƙarfe mai gina jini sosai, gero kuwa yana da shi. Kowanne ya toshe ɓarakar ɗan uwansa. Manomi da makiyayi ba su san sunan laisin ba, amma sun ga wanda ya sha fura da nono da hantsi yana kai la'asar a gona.

Akwai kuma wata hanyar da hatsi kan bi. In aka jiƙa shi ya tsira, sitacinsa kan koma sukari, yis ya ci sukarin ya fitar da barasa. Haka ake burkutu da giyar da Maguzawa suka sani tun da. Hatsi ɗaya ne, ma'aikatan ne suka bambanta: can yis, nan bakteriyar tsami. Yaɗuwar Musulunci ta ƙarfafa hanyar tsami a wannan yanki, har fura ta zama abin tarbar baƙo da abin buɗe baki.

Abin da matafiya suka gani

Wata tsohuwar shaida a rubuce ta fito daga alƙalamin Ibn Battuta. A 1352 ya sauka a Walata, cikin Muritaniya ta yau, aka tarbe shi da dakakken hatsi da ɗan zuma da nono a cikin ƙwarya. Bai ji daɗin tarbar ba, ya raina ta ƙwarai. Amma raininsa ya amfane mu, domin ya bar mana shaidar cewa wannan haɗi ya haura shekara 670. Har yau kuma yana nan da sunaye daban-daban: Zabarmawa su ce donu, a Mali a ce dege, mutanen Sakkwato su ce hura.

Kayan yajin ma kowanne da tafiyarsa. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne na Indonesiya, sunansa ma daga Larabci muka aro, alamar ta hannun fataken Sahara ya zo. Citta mai yatsu daga Asiya take. Barkono kuwa daga nahiyar Amurka ya fito, don haka ba yadda za a yi ya shiga fura kafin 1492. Furar da Ibn Battuta ya raina ba ta da barkono.

Wajen ƙarni na 15 Fulani suka fara yawaita a ƙasar Hausa, ciki har da kakannin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da suka zauna a Ƙonni. Zaman ya ginu a kan musaya. Bayan girbi shanu su shiga gona su ci kara su bar taki, mata kuma su kawo nono su karɓi hatsi. Harajin shanu, wato jangali, yana cikin abubuwan da Shehu ya soki sarakunan Hausa a kansu a littafinsa Kitabul Farƙ, abin da ke nuna maka girman matsayin saniya a tattalin arzikin wancan zamani.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya koma Sifawa wajen 1810, ya zauna yana karantarwa da rubutu har 1815 da ya ƙaura Sakkwato. Ƙanensa Abdullahi ya zauna a Bodinga, kusa da shi. Gaba kaɗan, a Yabo maƙwabciyar Shagari, akwai Muhammadu Moyijo, jagoran Fulanin Kabi. Wato wannan 'yar tazara da kake wucewa a mota yau ta taɓa zama cibiyar daula, cike da almajirai da baƙi da ake ciyarwa daga gonakin tudu da garkunan da ke kewaye. Da Muhammadu Bello ya hau mulki a 1817, ya ƙarfafa wa makiyaya su zauna a garuruwan ribaɗi su haɗa kiwo da noma. Hakan ya ƙara kusanto da turmi da ƙwaryar nono. A 1853 Bajamushe Heinrich Barth ya bi ta Bodinga a hanyarsa ta zuwa Gwandu, kuma fura tana yawan fitowa a littafin tafiyarsa a matsayin abin da ake ba matafiyi.

Annoba, fari da sabon iri

Wannan haɗi ya sha girgiza. A 1887 cutar bushiya ta shigo Afirka ta gabar Iritiriya tare da shanun da sojojin Italiya suka kawo. Wajen 1891 ta iso Afirka ta Yamma, kuma a wurare da yawa ta kashe takwas ko tara cikin kowace saniya goma. Ta sake ɓarkewa a Najeriya a 1983, kafin a bayyana kawar da ita daga duniya a 2011. Shanun da kake gani yau a wannan yanki, Gudali mai gajeren ƙaho da jar Rahaji da farar Bunaji, jikokin waɗanda suka tsira ne.

Gero kuma fari ne ya jarraba shi, na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. A 1980 Shugaba Shehu Shagari, ɗan garin Shagari, ya ƙaddamar da shirin bunƙasa noma na ƙasa baki ɗaya. A waɗannan shekaru manyan kuɗin gwamnati a wannan yanki sun tafi ne ga madatsun ruwa irin Bakolori da Goronyo, domin noman rani na shinkafa da alkama. Gero amfanin damuna ne, don haka ya ci gaba da zama a hannun manomi da rumbunsa. Daga baya ingantattun iri suka shigo, irin su SOSAT, wanda cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar a 2000, mai saurin nuna da jure cuta.

To, a nan ne bambancin gero da inabi yake, kuma shi ne zuciyar maganar. Inabi da reshe ake dasa shi. Kowace bishiyar Koshu yanki ce ta uwar farko, shi ya sa suna ɗaya ke nufin abu ɗaya ɗaruruwan shekaru. Gero kuwa da ƙwaya ake shuka shi, kuma ɓangaren mace na furensa yana riga na namiji fitowa, don haka iska ce ke kawo masa garin fure daga wata zangarniya, sau da yawa daga gonar maƙwabci. Kowace damuna sabon aure ake ɗaurawa. Sunan iri yana iya zama yadda yake alhali abin da ke cikin damin ya sauya.

An gwada wannan a Nijar. Masana sun tattara irin gero daga ƙauyuka a 1976 suka adana, aka koma waɗannan ƙauyuka a 2003 aka sake tattarawa, sannan aka shuka tsoho da sabo gefe da gefe. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna geron 2003 yana riga na 1976 fitar da kai, zangarniyarsa kuma ta fi gajarta. Manoma, ta hanyar zaɓen zangarniyar da ta tsira daga fari su ajiye ta iri, sun sauya hatsinsu cikin shekara 27. Wannan labari ne mai daɗi, domin ya nuna gero yana iya bin sauyin yanayi. Amma lura da yadda aka gano shi: wani ne ya ajiye samfur, ya rubuta sunan ƙauye da shekara. Ba don haka ba, da babu wanda zai sani.

Abin da ke kan gaba

Gefen nono ma yana sauyawa. Da rani, in madara ta yi ƙaranci, an daɗe ana ƙara ruwa da garin 'ya'yan kuka domin kauri da tsami. Yanzu kuma akwai madarar gari ta ƙasashen waje da ake kwaɓawa a sa ta yi tsami a sayar da sunan kindirmo, musamman a birane. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da sassan Sakkwato sun tarwatsa garkuna da dama, burtali da makiyaya kuma sun ƙuntata. Ba laifi ba ne mutum ya sha nonon madarar gari in ya san shi ya saya. Matsalar ita ce in suna ɗaya ya rufe duka biyun, mai tatsar saniyarta ba ta da hanyar karɓar kuɗin wahalarta, sai ta bari. Wannan ce matsalar da dokar Japan ta 2018 ta magance a nasu ɓangaren.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, cibiyar ICRISAT kuma tana da rumbun adana iri a Sadore kusa da Yamai. Amma rumbun sanyi ƙwaya yake ajiyewa. Sanin wane iri ne ya fi daɗin fura, wane ne na tuwo, wane ne ke jure wuta-wuta a jigawa, yana kan tsofaffin manoma da matan da ke daka, kuma su ba a ajiye su a firji.

Don haka ga ɗan aikin da ba ya bukatar ɗakin gwaji. In kana da kaka ko kawu mai noma a Danchadi ko Dandin Mahe ko duk inda kake, tambaye shi sunayen geron da mahaifinsa ya shuka, da waɗanda shi yake shukawa yau, da dalilin barin waɗanda ya bari. Tambayi inna wanne ta fi so a turmi. Rubuta amsar da sunan gari da shekara. In da hali, karɓi zangarniya ɗaya ta kowane iri ka ɗauki hotonta kusa da ma'auni. Ɗalibin aikin gona a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da zai zo nan da shekara 27 yana neman abin da zai kwatanta nasa samfurin da shi, takardarka ce za ta zama tasa 1976.